Layukan da Inna Take Canzawa

Ɗana Tabarau,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yaran nan da har yau a hoto kawai na san su. Yaya aiki, yaya zaman garin mutane? Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu ce take nema ta fi ƙarfina, ba ta shiri da matakalar shago. Idanuna kuma da yamma sai na kai allon lantarki kusa da hanci kafin in ga abin da nake likewa. Tsufa ne, ba wani abu ba.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira ka, domin a waya "to Inna, to Inna" kake yi mini har kati ya ƙare, in ajiye ban san abin da muka yanke ba. Haka ka yi mini gaisuwar rasuwar kawunka. Na san shi da mahaifiyarka kakanni kawai suka haɗa, amma a bencinsa ka fara riƙe ƙarfen dalma, kuma ni na riƙa shafa maka magani duk ranar da ka ƙona yatsa. Ban riƙe ka a rai ba, amma ban manta ba.

Ga abin da ya kawo ni. Aikinmu bai canza ba, allon injin ƙyanƙyasar ƙwai muke haɗawa, wanda zai kunna hita ya kashe, ya juya tire, ya yi ƙara in zafi ya wuce kima. To 'yar ƙwaƙwalwar nan baƙa mai ƙafafu da muke ɗura wa furogiram, an daina yin ta. Dillalinmu ya nemo har ya gaji. Waɗanda suka rage suna cikin gwangwanin madara, kuma na fara hango gindin gwangwanin. Ya kawo mini wata sabuwa ya ce ta fi waccan a komai. Na gwada ɗura mata furogiram ɗin kawunka, ko kallonsa ba ta yi ba.

A cikin kwalin nan akwai alluna biyu, da sababbin ƙwaƙwalen, da furogiram ɗin a filas ɗin kwamfuta. Ina so ka mayar mini da shi kan sabuwar, da harshen da kawunka ya rubuta shi, asambili, kuma ka bar mini layukana yadda suke.

Wataƙila ka manta da layukan. Kowane sensa, abin nan da ke auna wa allo zafi, yana da irin ƙaryarsa, wani ya ƙara, wani ya rage. Duk allon da na haɗa sai na sa shi a akwatin gwaji tare da ma'aunina mai kyau, in wuni ina lura da su, sannan in buɗe furogiram in canza wasu lambobi a wasu layuka can tsakiya, in ɗura. Kawunka ne ya nuna mini su da bakin biro, tun ina kuka da su har na haddace. Babu allunanmu biyu a duniya da furogiram ɗinsu yake ɗaya, kuma ni kaɗai na san dalili.

Ka karanta nan a tsanake. Shagon nan ba nawa ba ne. Allah bai ba mu haihuwa ba ni da kawunka, kaso mafi yawa na 'yan'uwansa ne, kuma Babban Yaya, wan marigayi, shi ke da ta cewa. Tun ba a gama karɓar gaisuwa ba ya kawo mai saye. Mutumin ya zo da injiniyansa. Injiniyan ya buɗe furogiram ɗin, ya hau ya sauka, ya rufe, ya ce wa maigidansa, "In babu matar nan, benci da ƙarafa kawai za ka saya." Shi kuwa ba ya son sayen shago da tsohuwa a ciki. Daga ranar nan Babban Yaya yake aikowa a tambayi lafiyata. Ba don Allah aka bar ni a kujerar nan ba, layukan nan ne suka zaunar da ni, kuma ban da nan ba ni da inda zan tashi da safe in nufa.

Ka gaishe mini da kowa.

Innarka, matar kawunka

*

Inna,

Wa alaikumus salam. Kwalin ya iso lafiya, sai allo ɗaya da ƙafar rile, makunnin hita, ta ɗan lanƙwashe, na miƙe ta. Mu duka lafiya lau. Ƙaramar ce ta yi zazzaɓin haƙori, ta warware. Maiɗakina tana gaishe ki da kyau. Maganar gaisuwar Kawu kuwa, ba ni da bakin magana.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne gwiwar nan da idon nan. Na yi ta komawa wurin ina karantawa. A shekarunki a ce kina wuni gaban akwatin gwaji, zafi na dukan fuskarki, kina leƙen ma'auni kina rubuta lambobi, wannan kunyarmu ce mu da muka tashi a shagon.

Bari in yi miki bayanin aikin. Asambili ba harshe ɗaya ba ne, kowane dangin ƙwaƙwalwa da nasa. Magana ce da ƙarfe kai tsaye: ɗauki wannan lamba, ajiye ta a wancan aljihu, ƙara mata ɗaya, koma baya. Sabuwar da dillali ya ba ki aljihunanta daban ne, umarnin da take ji ma daban. Don haka ba kwashewa zan yi daga nan in zuba a can ba, sabon rubutu ne tun daga layin farko.

Na buɗe na Kawu. Allah ya jiƙansa, bai bar bayani ko na layi ɗaya ba. Sunayen da ya raɗa wa sassan su ne "nan", da "can", da "can kuma", da wani wai shi "kar ka taɓa". Sai da na yi dariya ni kaɗai, don na ji muryarsa. Duk inda yake son injin ya ɗan jira, ba agogo ya sa masa ba, sa ƙwaƙwalwar yake yi ta yi ta zagaye wuri ɗaya, shi kuma ya lissafa saurinta da hannu. Sabuwar ta fi waccan sauri nesa ba kusa ba, duk wannan lissafin ya rushe. Ba raina shi nake yi ba. Tsohuwar ƙwaƙwalwa ba ta da wuri, ya cika ta har baki, kuma ban ga wanda zai iya cusa wannan aikin a cikinta da wani harshe ban da asambili ba. A zamaninsa shi ne daidai.

Yanzu wuri ya wadata. Shawarata a rubuta shi da harshen C. A cikinsa mutum abin da yake nufi yake rubutawa, in zafi ya kai kaza a kashe hita, sai wata manhaja ta fassara wa ƙwaƙwalwar. Ya fi cin wuri, amma wurin yana nan. Da asambili sai in share watanni, ga aikin kamfani a wuyana, gwangwaninki kuma ba zai jira ni ba. Sannan ranar da aka daina yin wannan ma, za a sake komawa gidan jiya. Da C kuwa gyara kaɗan za a yi a koma kan wata. Babban alherinsa, kowa zai iya karanta shi ya gyara, ba sai an nemo ni ba.

Batun Kawu Babba, wanda kike kira Babban Yaya, Inna ki yi haƙuri, ina ganin zafin rashi ne yake nuna miki abin da girma haka. Mutumin nan shi ya tsaya wa mahaifiyata lokacin da ba ta da kowa. Ba zai fitar da matar ƙaninsa daga inda ta tsufa ba. Layukanki kuma zan ga yadda zan yi da su.

Ɗanki, Tabarau

*

Tabarau,

Ina gaishe ku. Allah ya raya ƙaramar. Ni lafiyata ƙalau, kuma daga yau ba zan ƙara gaya maka inda ke mini ciwo ba, tunda ka mai da shi hujja. Gwiwa da ido gaisuwa ce na yi maka, ba roƙo ba ne. Da hutu nake nema da na faɗa da bakina, ban taɓa jin kunyar faɗin abin da nake so ba.

Na cika maka shafi ina gaya maka cewa ina zaune a shagon nan ne don ba kowa ne zai iya ba. Ka dawo mini da albishir wai yanzu kowa zai iya. Ko dai ba ka karanta ba, ko ka karanta ka ce tsohuwa ce take surutu. Ban san wanda ya fi ciwo ba a ciki.

Ba sai ka koya mini cewa asambili wahala ne ba. Na ga kawunka ya yi mako yana neman layi ɗaya da ya hana fanka tsayawa, yana magana shi kaɗai, abinci na hucewa a gefen benci. Na san C ya fi sauƙi. Sauƙin ne ba na so. Kai injiniya ne, kana neman abin da ya fi kyau ga injin. Ni kuma ina gaya maka abin da ya fi kyau gare ni, kuma ni na aiko maka da kwalin, ba injin ba.

Babban Yaya ya tsaya wa mahaifiyarka, ban musa ba. Ita jininsa ce. Ni matar ƙane ce da ba ta haihu ba, kuma tun ina amarya na san inda takalmina yake tsayawa a gidan nan. Kai a bikin dangi kawai kake ganinsa, yana raba wa yara alawa.

In watanni zai ɗauka, ya ɗauka. Zan rage karɓar aiki, in lallaɓa abin da ya rage a gwangwani. In kuma ba za ka iya ba, ka faɗa mini gaskiya ka mayar mini da kayana.

Inna

*

Ɗana Tabarau,

Sallama da fatan kuna lafiya. Shirunka ya yi yawa. Na kira ka ba sau ɗaya ba, wata mata ce a cikin wayar take ta ce mini ba a samun ka. In fushi kake yi da wasiƙata ta baya, na san na yi kaushin harshe. Haka nake, kawunka ma da haka ya zauna da ni.

Na yi tunani. Gwangwani ya kusa zama wayam, jiya na mayar da wani mai kaji da ya zo da aikin injin uku. Ba zan iya jiran watanni ba, cika baki na yi. Don haka na sauko, ka rubuta da C ɗinka. Abu biyu kawai nake roƙo. Ka bar saitin zafi yadda yake, lambobi a cikin furogiram waɗanda sai an buɗe an canza an ɗura, ka nuna mini inda ka ajiye su, ni kaɗai. Na biyu kuma, furogiram ɗin nan kada ya fita daga hannunka zuwa hannun kowa sai nawa.

Ina faɗin na biyun ne don Babban Yaya ya leƙo shago shekaranjiya. Ya ga babu allunan gwaji a kan benci, ya tambaya, ni kuma bakina ya suɓuce na ce suna wurinka. Ya yi murmushi, ya sa maka albarka, ya ce in ba shi lambarka ya daɗe bai ji muryarka ba. Ban ba shi ba, na ce tana cikin wayar da ta lalace. Amma zai samu a wurin mahaifiyarka. In ya kira ka, ka gaishe shi da ladabi, ka ce aiki bai kammala ba.

Ka amsa mini ko da layi biyu ne, raina ba a kwance yake ba.

Innarka

*

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ba zan tambayi gwiwa ba tunda an hana ni. Mu lafiya lau. Ki gafarce ni da shiru. Kamfani ne ya tura ni wata masana'anta can bayan gari inda ba a shiga da waya, inda muke kwana kuma babu sabis sai an hau tudu. Daga nan ma nake aiko miki da wannan kwalin, ban koma ofis ba tukuna.

Wasiƙarki ta ƙarshe, wadda kika ce in mayar miki da kayanki, ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na rubuta amsa na yaga. Daga baya na ga gara in amsa miki da aiki. Na taho da allunan, duk ranar hutu ina kansu.

Albishirinki, an gama. Da C na rubuta, domin na auna na ga asambili ba zai kai mu ba kafin gwangwani ya ƙare, kuma na tabbata in kika ga yana aiki fushin zai sauka. Na yi masa bayani layi bi layi, kowane sashe da sunansa na gaskiya. Jiran da Kawu yake ƙirgawa da hannu yanzu agogon cikin ƙwaƙwalwar ne yake yin sa. Duk da haka ko rabin wurin ban ci ba.

Da na ga wuri ya ragu, sai na yi miki abin da na san Kawu da kansa zai yi da yana da wurin. Layukanki sun zama maɓalli biyu. Ki sa allo a akwatin gwaji tare da ma'auninki, in zafi ya tsaya ki danna na sama ko na ƙasa har lambar allo ta yi daidai da ta ma'auni, ki riƙe su biyun, zai yi ƙara, shi ke nan ya haddace har abada. Ba buɗe kwamfuta, ba sake ɗurawa, ba wuni a gaban zafi. Furogiram ɗaya ne zai shiga kowane allo. Aikin da kike yi a wuni yanzu sai ki yi goma, ki koma gida da rana tsaka ki miƙe ƙafa.

Wani abin farin ciki kuma, Kawu Babba ya same ni a waya ranar da na hau tudu. Inna da kin ji yadda yake maganarki da hankalinki ya kwanta. Ya ce ba ya barci saboda wahalar da kike sha ke kaɗai. Ya ce abin da ya faru bayan Kawu, a bar aiki a kan mutum ɗaya, bai kamata ya sake faruwa ba, in tura masa kwafi a ajiye a gida saboda halin rayuwa. Na ga magana ce ta hankali, kuma babba ne, ba zan ce masa a'a ba. Na tura masa, har da takardar yadda ake saitin. Ina ganin wannan zai wanke abin da ke tsakaninku.

Ki gwada ki ba ni labari. Ina ɗokin jin bakinki.

Ɗanki, Tabarau

*

Injiniya,

Ina gaishe ka da aiki. Kwalinka ya iso. Ina lafiya.

Na gwada, kuma ba zan rage maka komai ba. Na ɗura shi a allo ya karɓa nan take. Na sa a akwati, na danna maɓallanka, ya yi ƙararsa. Na ƙi yarda, na wuni a gabansa da ma'aunina kamar yadda na saba, ina jira ya kauce in samu abin faɗa. Bai kauce ba. Hita tana shiga tana fita a hankali, ba irin fizgar da na kawunka yake yi ba. Na ba wata mai kaji da ta daɗe tana saye a wurinmu ta zuba ƙwai. Ta dawo tana cewa ba ta taɓa ganin ƙyanƙyasa irin wannan ba, 'yan tsaki sun fito kusan duka, kuma a tare. Aikinka ya fi na kawunka. Na faɗa, ka ajiye.

Kafin ma ƙwan ya fashe Babban Yaya ya zo. Da mai sayen nan ya zo, da injiniyansa, wannan dai na wancan karon. Ba su nemi komai a wurina ba, da kwafinsu suka zo. Injiniyan ya zauna a kujerar kawunka ya buɗe, yana karantawa yana gyaɗa kai kamar mai karanta labari. Ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya san aiki, ko ɗalibi ka ba zai gane." Ya ɗauki allo ɗaya a kan bencina, ya duba takardarka, ya danna, ya riƙe, allon ya yi masa ƙara kamar yadda ya yi mini. Maigidansa ya tambaye shi, "Matar fa?" Ya ɗan dube ni, na ga kunya a idonsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, likin dalma ne kawai ya rage, shi kuma akwai masu yi."

Ina tsaye a wurin da tiren shayin da na haɗa musu. Babban Yaya ya ce, "Ai dama hutu muke nema mata." Ya sha shayinsa har ƙasa. Bai tambayi lafiyata ba, kuma tun ranar ba a sake aikowa a tambaya ba.

Abu ɗaya nake so in sani. Na rubuta maka wasiƙa bayan waccan mai zafin. A ciki na yarda da C, na roƙe ka abu biyu. Ta same ka ka yi abin da ka yi, ko ba ta same ka ba? Ka faɗa mini gaskiya, don in san irin kallon da zan riƙa yi maka.

Matar kawunka

*

Inna,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah ya sa kina lafiya. Ni dai tun da na karanta wasiƙarki abinci ba ya shiga.

Wallahi ba ta same ni ba. Na koma ofis na tarar da ita a tiren wasiƙu, ƙarƙashin takardun kamfani, a rufe. Tare na karanta su da ta ƙarshen. Da ta same ni kafin in fita da ban tura masa ba, maɓallan kuma da ban sa su ba, cire su ba aiki ba ne. Amma maiɗakina ta ce mini ai duk abin da ke cikinta yana cikin ta farkon, kuma ta farkon ta same ni.

Na kira Kawu Babba. Na yi magana yadda ban taɓa yi wa babba ba. Ya bar ni na gama, ya ce harkar manya ce, in gaishe da yara.

Ga abin da zan iya. Zan rubuta wani sabo in sa masa kulle, saitin ba zai buɗe ba sai da lambar da ke kaɗai kika sani. Sai in kira mai sayen in ce masa wanda ke hannunsu yana da aibu, zai iya dafa ƙwai bayan wani lokaci, dole a koma sabon. Ni na rubuta, za su yarda. In kuma kin fi so in sake shi da asambili tun daga farko, zan ɗauki hutu in zauna in yi, ko zai kai ni ƙarshen shekara.

In duk ba su yi ba, akwai ɗaki a gidanmu. Maiɗakina ce ma ta fara faɗa. Yara za su san kakarsu. Ki ba ni dama in gyara, Inna.

Ɗanki

*

Tabarau,

Na gode da gaisuwa. Ina lafiya. Ka ci abinci, rashin cinka ba zai ƙara mini komai ba. Ka gaishe da maiɗakinka, ka ce na gode da ɗakin, kuma ta fi ka karatun wasiƙa.

Na yarda ba ta same ka ba. Na ɗauka sanin hakan zai sanyaya mini rai, sai na ga bai canza ko ƙusa ɗaya a shagon ba.

Kullen da kake magana, kada ka soma. Aikin nan ba shi da aibu, ni na gwada shi. In ka ce yana dafa ƙwai, ba mai sayen ne zai fara jin tsoro ba, matan da suka riga suka zuba ƙwansu a ciki ne. Ba zan koma kujerata a kan ƙarya ba. Kawunka bai rubuta asambili don ya ɓoye wa kowa komai ba, wuri ne ba shi da shi. Ni ce na samu inuwa a wurin na fake, kuma na san ba inuwar dindindin ba ce. Asambilin da kake son sakewa ma ka bar shi. Wa zai bar wanda yake karantawa ya koma wanda ba ya ganewa? Na kwana ina juya maganar, na ga da ni ce a kujerarka da C zan rubuta. Wannan ya fi komai ci mini rai, ban ma samu damar cewa ka yi aikin banza ba.

An riga an sa hannu. Mai sayen ba mugu ba ne, ya ce in zauna 'yan kwanaki in nuna wa ma'aikatansa aiki. Na nuna musu inda dalma take, da yadda ake ɗaga ƙofar akwatin gwaji don tana cijewa. Na zo kan saiti, abin da na yi shekaru ina koyo, ɗayarsu ta ce, "Mama ai mun karanta a takarda." Tana da gaskiya. Na zauna na kalle ta ta yi guda huɗu kafin azahar, duka daidai.

Gidanka ba zan zo ba. Ba fushi ba ne, ko kuma ba fushi kaɗai ba ne. Ban iya zama a ba ni abinci ina kallon bango ba. Tsofaffin injinan da ke hannun mutane har yanzu ni kaɗai suka sani. Na ɗauko ma'aunina da tsohuwar kwamfuta, ba wanda ya hana ni don ba wanda yake so. Masu su za su riƙa nemo ni a gida har injinan su mutu ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ba zan yi musu gaggawa ba.

In za ka sake rubutowa, kada ka aika shago. Makullin ba ya hannuna.

Inna